Baffa, Shugaban da Ya Fara Rusau da Zauren Ubansa

Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa hanya ta nufa. Baffa ya riga mu isa ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina. Yau kwana arba'in da biyu ke nan.

Ban yi kuka a ranar ba, hidima ta sha kaina. Ga shimfiɗa tabarmi, ga ɗebo ruwan alwala, ga Inna, matarsa, wadda ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ƙura wa takalmansa ido. Kafin azahar Ƙofar Ran ta cika ta batse. Maƙeran Ƙofar Dumi suka kashe wutarsu suka taho ko hannu ba su tsaya wankewa ba. Mahauta suka rufe rumfuna. Maigidana ya ce mini da aka tsaya sallar gawa, a sahun farko ya ga mutanen da suka sauke Baffa daga kujerar shugaban majalisar gari, suna ta sharce hawaye. Allah kaɗai Ya san na wa ne na gaske.

Wata tsohuwa ta shigo cikin gida tana dogara sanda, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Mijinki ya ci mini katanga, na yi shekara ina kai ƙararsa wurin Allah. Amma tun da ya sauka, babu mahaluƙin da ya leƙa kwatar unguwarmu. Allah Ya jiƙansa, na janye ƙarata."

Ran sadakar uku wata mata ta zo, daga ganin ɗaurin ɗankwalinta ka san mutuniyar kudancin Bauchi ce. Ta tsaya a soro tana ɗari-ɗari, sai Inna ta yafito ta. Ta zauna a gefen tabarma ta ce da irin Hausarta:

"Mama, sannu. Ni matan kafinta ne, wanda ya faɗo daga kan rufi yana aikin majalisa. Da ya mutu ba ni da kowa a garin nan, garinmu kuma can ne bayan duwatsu. Baba mijinki ya ce, mutum ya yi wa gari aiki, gari ne zai kai shi gida. Ya kawo mota, shi da kansa ya hau baya ya zauna kusa da akwati. Motan ya maƙale a rafi, ya naɗe riga ya shiga taɓo yana turawa. Da aka shiga coci shi bai shiga ba, ya tsaya a waje cikin ruwa har aka gama."

Inna ta dube ni. Ita ma ta tuna ranar da ya dawo rigarsa duk jan taɓo, ta tambaye shi, ya ce, "Wani ma'aikaci muka raka gida." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, shekara da shekaru. A nan ne kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini.

Baffa ƙanen mahaifina ne, ciki ɗaya. Su biyu ne maza wurin kakanmu, malami mai makarantar allo a zauren gidanmu. Lokacin da aka zo neman yaro ɗaya daga gidan don a sa shi makarantar boko, Malam ya riƙe babban, wato Babana, ya ba da ƙaramin. Baba ya gaji alƙalami da tawada, Baffa ya zama duba-gari. Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya a raye ba, don haka ana yaye ni Baba ya ɗauke ni ya miƙa masa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Shi ya kai ni makarantar 'yan mata ana ta yi masa surutu, kuma albarkacinsa yau nake koyarwa.

A wancan zamani ba a son duba-gari. Shi ne mai shiga gida ya leƙa randa, ya duba shadda, ya sa a kwashe juji. Mata na jin sallamarsa sai a hau kife tukwane. Amma aikin nan ne ya sanar da shi garin Bauchi lungu-lungu: ya san rijiyar da ke ƙafewa tun kafin bazara, ya san gidan da ruwa ke shiga duk shekara. Da aka fara zaɓen wakilan unguwanni, mutanen Ƙofar Ran suka ce gara wanda ya san wari da wanda ya san turare, suka zaɓe shi. Wakilan kuma suka ɗora shi a kan shugabanci. Mu mata ba a ba mu ƙuri'a ba, har yau ma ba a ba mu ba, amma bai taɓa tafiya zaman majalisa bai tambayi Inna abin da mata ke cewa a bakin rijiya ba. Yakan ce, "Mai ɗiban ruwa ta fi kansila sanin gari."

An ba shi keken ofis, ya jingine shi a soro har tayoyin suka sace. Da ƙafa yake yawo. Yana idar da sallar asuba zai ɗauki wata doguwar sanda ta gora ya fita, ya bi kwata yana zungura, inda ta toshe ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar mai gidan. In ana kawo masa ƙara yakan rufe ido, har mai magana ya zaci barci ya kwashe shi, sai ya buɗe ya maimaita maka abin da ka faɗa tun daga farko. Gab da babbar salla a shekararsa ta farko, raguna huɗu aka ɗaure mana a ƙofar gida. Ya sa aka mai da kowanne inda ya fito. Inna ta ce ai wulaƙanci ne a mai da wa mutum hannun kyauta baya. Ya ce, "Ragon da ya shigo gidan shugaba, da magana a bakinsa. Ni kuwa ba na so in ci naman da zai tambaye ni."

Kada in sa a zaci waliyyi nake bayani. Baffa yana da zafin zuciya, kuma harshensa ba shi da kube. Ya taɓa titsiye wani mai unguwa da ya isa ya haife shi a gaban jama'arsa saboda juji, dattijon bai ƙara ɗaga kai a taro ba. Ba ya iya cewa "yi haƙuri". In ya san ya yi wa Inna laifi, sai dai ya sayo mata goro fari ya ajiye a bakin gado ya fita.

Babban abin da ya faru a shugabancinsa, wanda kuma ya raba gidanmu biyu, maganar hanya ce.

Matar wani magini maƙwabcinmu ta yi doguwar naƙuda, kwana biyu. Baba ya yi ta yin rubutu ana wankewa ana ba ta, haihuwa ta ƙi. A rana ta uku Baffa ya aika aka zo da motar asibiti, amma motar ta tsaya can bakin ƙofar gari, don lungunmu ko jaki mai mangala da ƙyar yake wucewa. Aka ciro ƙyauren ɗaki aka kwantar da ita a kai, maza huɗu suka ɗauka, har da Baffa. A wata kusurwa sai da suka karkata ƙyauren kafin ya wuce. Ba su kai ga motar ba ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Da majalisa ta zauna, ya kawo shawarar a fasa hanya daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar unguwa, wadda mota za ta bi, a binne bututun famfo a gefenta. Aka yarda. Safiyo ya auna ya kawo takarda. Baffa ya bi layin da yatsa, sai ya ga daidai gidanmu ya lanƙwasa.

Ya ce, "Me ya sa hanya ta yi gwiwa a nan?"

Safiyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai zauren Malam ne. Shi ya sa na kauce, na bi ta gidan da ke kallonsa."

Gidan da ke kallon namu na wata gwauruwa ce mai ɗaki biyu. Baffa ya miƙa masa takardarsa ya ce, "Miƙe ta."

Ranar da ya je gaya wa Baba ina nan, na zo wuni gida daga ɗakin mijina. Bayan la'asar ne, ɗalibai sun tashi, na kawo wa Baba fura a zaure. Baffa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa nesa da buzun.

"Yaya, na zo da magana mai nauyi."

"Na riga na ji ta. A bakin mahauta na ji za a rushe zauren ubana."



Baba ya nuna bango ya ce, "Dubi can. Gurbin bayan Malam ne, inda ya jingina har ƙasa ta loɓa. A nan ya kama hannunka ka rubuta bisimilla. Daga nan aka ɗauke shi zuwa kushewa. Wannan za ka mai da turbar jakuna?"

"Na san duk wannan, Yaya. Amma in na kauce wa namu, da wane ido zan dubi mai ɗaki biyu in ce ta ba ni ɗaya?"

"To, ka bar hanyar. Kakanninmu sun rayu ba ta."

Sai Baffa ya ce, "Ba kai ka ɗauki ƙyauren ba."

Da ya san yadda maganar za ta sauka, ina jin da ya haɗiye ta. Baba ya ji kamar an ce masa rubutunsa ne ya jinkirta matar har ta mutu.  Ya ajiye ludayi a hankali ya ce, "Tashi ka tafi, Shugaba." Tun daga ranar bai sake kiransa da sunan da yake kiransa tun suna yara ba.

Ran da za a fara aiki, Baba ya kwashe alluna da littattafai shi kaɗai, ya hana kowa sa masa hannu. Leburori suka tsaya cirko-cirko, babu mai ƙarfin halin taɓa zauren Malam. Baffa ya tuɓe babbar riga, ya karɓi diga, ya yi bisimilla ya kai sara. Sau uku ya sara, ya miƙa wa na kusa da shi, ya juya ya tafi bai waiwaya ba. Bayan wannan babu wanda ya iya buɗe baki a unguwar. Wanda aka ci wa katanga ya yi gunaguni a cikin ɗaki, amma ya matsa.

Baffa ya sa aka gina sabon zaure daga ciki, ya fi tsohon faɗi. Baba bai taɓa zama a cikinsa ba, ya mai da karatu gindin durumin ƙofar gida. Shekara takwas tsakaninsu sai sallama da amsawa, don kada su shiga fushin Allah. Ni kuwa in faɗi gaskiya, a lokacin bayan Baba na bi. Na yi wata biyu ban taka gidan da aka rene ni ba. Da na je, Baffa bai tambaye ni dalili ba, cewa kawai ya yi, "Uwata, kin rame. Inna, a zubo mata tuwo."

Ana haka siyasar jam'iyyu ta yi zafi, gari ya rabu, har aure ya riƙa mutuwa a kan ƙuri'a. Baffa yana jam'iyyar da ke da rinjaye. A ɗaya ɓangaren akwai wani tela a Ƙofar Dumi, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Duk laccar da ya hau sai ya yi wa Baffa ba'a, yana kiransa sarkin kwata, mai rushe gidan ubansa don Turawa su yaba. Gab da babban zaɓen da aka yi kafin samun 'yancin kai, aka kama telan, wai ya tara jama'a ba izini. Alƙali ya ce sai wani mai mutunci ya tsaya masa, kowa kuwa ya noƙe. Da rana tsaka Baffa ya shiga kotu da sandarsa ya ce shi ya tsaya.

Manyan jam'iyyarsa suka zo har gida. Ina daga tsakar gida ina jiyo su a soro. Ɗaya ya ce, "Mu dai a gaya mana, kai namu ne ko nasu?"

Baffa ya ce, "Ran zaɓe ƙuri'ata taku ce. Amma kujerar da nake kai ta gari ce, shi kuwa ɗan gari ne, yana da 'ya'ya shida da keken ɗinki ɗaya. Ku kayar da shi a akwati, ba a gidan yari ba."

Telan ya fito, mako bai zagayo ba ya hau tebur ya ci gaba da zagin Baffa. Inna ta fusata ta ce wannan ai butulu ne. Baffa ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi. Da ya daina, da an ce sayensa na yi." Telan nan shi ya ɗinka likkafanin Baffa da hannu, bai yarda kowa ya taya shi ko zare ba.

Ranar bikin 'yancin kai ni na jagoranci 'yan ajinmu zuwa fili, kowace yarinya da 'yar tutarta kore da fari. Manya suka yi ta dogayen jawabai. Da aka zo kan shugaban majalisar gari, ya miƙe ya gode wa Allah, sa'an nan ya ce, "Jama'a, yau ƙasa ta dawo hannunmu. Daga gobe in rijiya ta rufta, ba Bature za mu zaga ba. Tuta tana da kyau, amma ba ta kwashe shara." Ya zauna. Talakawa suka yi sowa, na kan kujeru suka dubi juna. Washegari da sassafe aka gan shi a bayan kasuwa yana zungurar kwata.

Manyan ba su manta da maganar tela ba. Shekara ba ta cika da samun 'yanci ba aka kira zama na musamman, aka ɗaga hannuwa, aka sauke shi. Cikin waɗanda suka ɗaga har da mutanen da shi ya koya wa yadda ake tsayawa a yi magana a majalisa. Ya ajiye makullan ofis a kan tebur, ya dawo gida da ƙafa, ya aika musu da kekensu da ba shi da iska.

Ana cewa bai damu ba. Ya damu. Ni na ga yadda ya yi watanni yana shiri da safe, ya ɗauki sanda, ya kai bakin soro, ya tsaya, ya dawo ya zauna. Daga baya ya koma gonarsa ta bayan ganuwa yana noman dawa da gyaɗa. Mutane ba su daina kawo masa ƙara ba. Yakan rufe ido ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Na ji, amma yanzu ni manomi ne. Je ka ofis, in sun kore ka ka koma gobe."

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa a bazarar bana, kafin shuka ta yi kwari ya kwanta. Ana sauran kwana uku ya rasu, da safe, ya ce da ni, "Uwata, je ki ce da Yaya ƙanensa yana kira."

Na tarar da Baba a gindin durumi. Na faɗa masa kamar yadda aka aiko ni. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya sallami ɗalibai, ya biyo ni. Rabonsa da gidan shekara takwas. Ya zauna a bakin gado.

Baffa ya ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba sai ranar.

Baba ya ce, "Har gobe ban ce ka yi daidai ba."

"Ban roƙi ka ce na yi daidai ba. Zauren, ko yau aka dawo da shi zan sake rushewa. Maganar ƙyaure nake nufi. Ranar ba abin da ka fahimta na nufa ba, amma na ga ta soke ka, na ƙi zare ta."

Baba ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Tun shekarar farko na yafe. Jira nake ka zo, kai kuma kana jira in kira. Mu biyu duk halin Malam muka kwaso." Sai ya kira shi da sunan nan na yarinta, ya ce, "Auta, ka sha wani abu yau?"

Inna ta miƙo kunu. Baba ya karɓi kwanon, ya tallafo kan ƙanensa, ya riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Bai koma gida ba sai da aka fita da gawar. Shi ya yi masa wanka, shi ya yi masa salla.

Shekaranjiya, bayan an watse daga sadakar arba'in, Baba ya kira ni. Ya tsufa a kwana arba'in ɗin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Ya ce, "Ke ya sa a boko. Mutanen ofis ba za su rubuta shi ba, su da suka kore shi. Ki rubuta, don jikokinmu su san an yi shi."

Na ce, "To, Baba."

Har na miƙe, ya ce, "Ki sa har da taurin kansa. Kada ki rage masa komai." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ki sa da nawa."

Na sa, Baba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa ba kujera ba sanda. Ka yafe masa zafin harshensa, Ka karɓi abin da ya yi domin bayinKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zuciyar Inna da ta Yayansa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.